Sito na giya da ya ceci tashar St Pancras

Duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga Landan zuwa Paris a 'yan shekarun nan ya zauna a wani falo mai gajeren rufi, cike da siraran ginshiƙan ƙarfe sahu-sahu, yana jiran a buɗe ƙofa a hau sama. Kafin ya samu kujera, ɗan sandan Faransa ya riga ya duba masa fasfo, alhali ƙafarsa ba ta bar Ingila ba. Kaɗan ne cikin masu jiran suka san cewa tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, kimanin mita 4 da rabi, ba domin mutum aka auna ta ba. Da gangar giya aka auna ta. Falon nan sito ne na 'yan kasuwar giya, aka share shi, aka shimfiɗa masa katako, aka jera kujeru.

Tashar ita ce St Pancras, kuma ita ake fara kawowa misali duk inda ake gardamar ko tsohon ginin jirgin ƙasa zai iya ɗaukar jirgin zamani. Labarin da aka fi son bayarwa mai daɗin ji ne: hukuma ta so ta rushe ta, wani marubucin waƙa da abokansa suka tsaya kai da fata, aka bar ta. Haka ɗin aka yi. Sai dai hana rushe gini daban, samar masa aikin yi daban, kuma tsakanin biyun St Pancras ta yi shekara 40 cur. Abin da ya sa ta iya karɓar sabon aikin yana ƙarƙashin ƙafar fasinja ne, ba a hasumiyar da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto ba.

Kamfanin Midland Railway, mai hedikwata a garin Derby, ya daɗe yana zaman aro a King's Cross, tashar wani kamfani daban. A 1862 aka yi babban baje koli a Landan, layi ya cunkushe, mai gida ya riƙa shigar da jiragensa yana barin na baƙo a tsaye a waje. Midland ya ga zaman ya ishe shi, ya janyo nasa layin daga Bedford. Filin da ya samu yana jikin King's Cross, kuma ba fili ba ne fetal: sai da aka rushe unguwar talakawa ta Agar Town, aka tone kaburbura a maƙabartar tsohuwar cocin St Pancras. Sannan ga wata hanyar ruwa da aka haƙa domin kwale-kwalen dakon kaya, Regent's Canal, ta gitta gaban filin. Injiniyoyin King's Cross ta ƙarƙashinta suka bi, jiragensu suka riƙa fama da hawa duk sanda za su fita. Injiniyan Midland, William Henry Barlow, ya zaɓi ya haura ta da gada. Sakamakon haka layin ya iso bakin titi yana sama da ƙasa da mita 5 zuwa 6.

Me za a yi da wannan sarari da ke ƙarƙashin jirgi? Hanya mafi sauƙi ita ce a cike shi da ƙasa, kuma an yi tunanin hakan. Amma fili a Landan tsada gare shi tun a lokacin, ga shi kuma cikin manyan kayan da Midland ke dako akwai giyar garin Burton. Barlow ya dasa ginshiƙan ƙarfen zubi kusan 700, ya ɗora musu azarar ƙarfe, ya shimfiɗa layin dogo a kai, ƙasa kuma ta zama sito. Da na'ura mai aiki da ƙarfin ruwa ake saukar da tarago ɗungurungum zuwa ciki.

Daga wannan shawara ce rufin ya samo siffarsa. Da an dasa ginshiƙai a tsakiyar tashar su tallafi rufi, da sai sun huda siton sun ɓata jerin gangunan. Barlow ya ce to a yi baka guda ɗaya tilo daga bango zuwa bango: faɗinsa wajen mita 74, tsawonsa mita 210, tsayinsa kimanin mita 30. Ranar da aka buɗe tashar, 1 ga Oktoba 1868, babu rufi mai faɗin haka ba ginshiƙi a ko'ina a duniya. Maginan da ke ɗaurin bakan gizo a soro sun san halin baka: nauyin da ke kansa ba ƙasa kawai yake dannawa ba, ƙafafunsa yake turawa waje, shi ya sa bangon soro ke da kauri. Barlow ya bi dabarar maharbi ne, ya ɗaura wa bakansa tsirkiya. Azarorin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin layin dogo su ne suka ɗaure ƙafar gabas da ta yamma. Wato daɓen da jirgi ke tsayawa a kai shi ne yake riƙe da rufin. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Wanda ya sunkuya a gindin ɗaya daga cikin bakunan yau zai ga sunan kamfanin Butterley na Derbyshire da shekarar 1867 a jikin ƙarfen, an zuba su tare da shi tun a maƙera.

A gaban rumfar aka gina otal, zanen George Gilbert Scott, da jan bulo da hasumiyoyi kamar fadar sarki. An buɗe shi a 1873. Shi ne ya fara mutuwa, kuma dalilin mutuwarsa abin lura ne: ɗakuna kusan 300, amma ɗakunan wanka a ƙirga da yatsu, sai dai hadimai su riƙa hawa bene da ruwan zafi. Da zamani ya zo da banɗaki a kowane ɗaki, sai aka tarar daɓen benayen ya yi ƙarfin da ratsa shi da bututu ba ƙaramin aiki ba ne. A 1935 aka rufe shi, aka yanyanka manyan falukansa da allunan katako ya koma ofisoshi. Ingancin da ya hana shi faɗuwa shi ne ya hana shi sauyawa.

Ita ma tashar ta soma ja da baya tun 1923, lokacin da aka haɗe kamfanonin jiragen ƙasa, Midland ya faɗa cikin wani babba wanda tashar Euston, ita ma a Landan, ce 'yar lelensa. Bama-baman yaƙin duniya na biyu suka farfasa rufin, aka toshe yawancin gurbin gilashin da abin da ya samu, hayaƙin kwal ya ƙarasa sauran. Zuwa shekarun 1960 masu faɗa a ji a harkar gine-gine kallon tarkacen kakanni suke yi wa irin wannan gini. A 1961 zuwa 1962 aka rushe babbar ƙofar dutse ta Euston duk da kururuwar da aka yi. A 1966 hukumar jiragen ƙasa ta fito da shirin haɗe St Pancras da King's Cross, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Ƙungiyar Victorian Society mai rajin kare tsofaffin gine-gine, wadda ta sha kaye a Euston, ta ce wannan karon ba za ta saɓu ba. Sunan marubucin waƙar nan, John Betjeman, aka fi tunawa, shi ne ma aka kafa wa mutum-mutumi a tashar yana riƙe da hularsa yana kallon rufi. Amma aikin yau da gobe na rubuce-rubuce da bin ofisoshi sakatariyar ƙungiyar ce ta yi shi, Jane Fawcett, wadda a lokacin yaƙi ta yi aikin warware saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park. A 1967 gwamnati ta sa tashar da otal ɗin a daraja ta ɗaya cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare.

Nan ne masu ba da labari kan tafa su tashi. Alhali abin da ya biyo baya shi ne ƙadangaren bakin tulu. Ba dama a rushe, ba kuɗin gyara, ba kuma isasshen aikin da zai kawo kuɗin. Cinikin giyar ya mutu. A 1985 aka kwashe ma'aikata daga tsohon otal ɗin saboda ya kasa cika sharuɗɗan kariya daga gobara. A 1988 jiragen unguwanni suka koma wani layi da ke ratsa birnin ta ƙarƙashin ƙasa. Aka bar rumfa mai girman filin idi da tsirarun jirage da tattabaru. Dokar 1967 lokaci kawai ta saya wa ginin.

Aikin yi daga teku ya zo. A 1994 aka buɗe hanyar jirgi ta ƙarƙashin tekun da ya raba Ingila da Faransa, jiragen Eurostar suka fara tashi daga Waterloo, inda aka gina musu sabuwar tasha fil. A ɓangaren Faransa jirgin yana gudun kilomita 300 a sa'a, da ya fito Ingila sai ya bi sahun jiragen 'yan zuwa aiki a tsofaffin layukan yankin Kent. Har shugaban Faransa na lokacin, François Mitterrand, ya yi wa Ingila shaguɓe cewa fasinja zai samu lokacin more kallon karkararta a tsanake. Dole a ja sabon layi. Da aka tsayar da cewa zai shigo Landan ta gabas, ta Stratford, domin a farfaɗo da unguwannin da masana'antu suka mutu suka bari, sai ya zamana bakinsa ya nufo arewacin birnin. Ga St Pancras nan a zaune, rabinta ba kowa, ga layukan ƙarƙashin ƙasa har 6 a ƙofarta. Majalisa ta yi dokar aikin a 1996. Ba tausayin tsohon gini ne ya kawo jirgin ba, taswira ce ta kawo shi. Abin dariyar shi ne sabuwar tashar Waterloo shekara 13 kacal ta yi tana wannan aiki, daga nan ta zauna kusan a rufe shekara da shekaru kafin a mayar da ita ta jiragen cikin gida.

Akwai sa'ar da ba a cika ambata ba. Faɗin layin dogon 1868 da na jirgin Paris ɗaya ne, milimita 1,435. Wanda ya san tsohuwar tashar Kaduna da sabuwar ta Rigasa ya san abin da bambancin faɗi ke jawowa: tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne, sabon kuma 1,435, don haka sabon jirgi ba zai taka tsohon dogo ba. A St Pancras ba a sha wannan wahala ba. Rufin ma yana da tsayin da wayoyin lantarki suka samu wuri, kuma da yake babu ginshiƙi a tsakiya, an sake jera layukan yadda ake so. Barlow da kansa ya lissafa wannan cikin amfanin baka guda.

Matsala ta farko tsawo ce. Jirgin Eurostar ya kusa mita 400, rumfar kuwa 210. Rabin jirgi zai kwana a waje kenan. Aka yi ƙari ta arewa, kuma a nan masu gyaran tsofaffin gine-gine suka kasu biyu tun fil azal: masu cewa ƙari ya kwaikwayi na asali har a kasa bambancewa, da masu cewa kwaikwayo ƙarya ce, a bar sabo ya fito a sabonsa. Na biyun suka yi rinjaye. Rufin ƙarin shimfiɗaɗɗe ne na ƙarfe da gilashi, an ƙasƙantar da shi don kada ya rufe fuskar bakan Barlow. A ganina ba shi da wani kyau, ya fi kama da rumfar babban kanti. Amma ya san matsayinsa, kuma ya fi tsohuwar rumfar faɗi, wanda hakan ya ba da damar dandamalin hawa jirgi ya kai 13 a sama, ga wasu 2 a sabuwar tashar da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa.

Ta biyu ta fi wuya. Tashar jirgin da ke tsallaka iyaka filin jirgin sama ce a cikin rigar tashar jirgin ƙasa. Ana buƙatar wurin duba tikiti, na'urar binciken kaya, teburan jami'an shige da fice na ƙasashe biyu, falon jira na ɗaruruwan mutane, da wata hanya daban ta masu isowa, kuma duka a killace. A yawancin tsofaffin tashoshi babu inda za a sa wannan sai an rushe wani abu ko an yi haƙa mai tsadar gaske. A nan kuwa ga sito a shirye, daidai da titi, daidai ƙarƙashin jirgi. Fasinja ya shigo daga titi ba hawa ba sauka, ya gama da jami'ai, matakala mai tafiya da kanta ta ɗaga shi ta dire a gefen taragonsa.

Sai dai sito duhu gare shi. Domin haske ya sauka, masu zanen aikin, ƙarƙashin jagorancin Alastair Lansley, suka so a yanke manyan ramuka a daɓen ta ɓangaren yamma. To daɓen nan shi ne tsirkiyar da muka ce a riƙe. Ka tsinke tsirkiya, baka ya miƙe. Abin da aka yi shi ne an zuba sabon daɓen kankare mai rodi a kan tsofaffin ginshiƙan, ya karɓi nauyin jirage da aikin ɗaure ƙafafun rufin, sannan aka buɗe ramukan. Ginshiƙan 1868 suna nan, su ne har yau ke ɗauke da jirgin Paris. Mai sayen shayi a shagunan ƙasa, in ya ɗaga kai, yana hango rufin ta cikin ramin, da shuɗin fentinsa da dubban faifan gilashin da aka mayar.

Shuɗin nan ma sai da aka yi mahawara a kansa. Da aka kankare fenti ɓawo bayan ɓawo, sai aka ga launin farko ruwan ƙasa ne mai duhu, shuɗin sararin sama bayan 'yan shekaru aka shafa shi. To idan an ce a mayar da gini yadda yake, yadda yake a wace shekara? Aka zaɓi shuɗi, na zamanin da otal ya kammala. Zaɓi ne mai kyau, amma zaɓi ne, kuma duk gyaran tsohon gini cike yake da irinsa, ko da an gaya wa jama'a cewa asali aka dawo da shi. Babban agogon da ke ƙarshen rumfar ma ba na asali ba ne. Na asalin, a shekarun 1970 aka yi cinikinsa da wani Ba'amurke, garin saukewa ya suɓuce ya tarwatse. Wani ma'aikacin jirgi ya sayi ɓaraguzan fam 25, ya kai gida a Nottinghamshire, ya harhaɗa su ya kafa a bangon rumbunsa. Da aka tashi yin sabo, wurinsa aka je aka ɗauki awo.

An yi duk wannan ne jirage ba su daina zuwa ba. A 2004 aka mayar da jiragen cikin gida wata tasha ta wucin gadi a cikin sabon ƙarin, aka rufe tsohuwar rumfar. Abin da ya tsaya a kan hanyar sabon layi kuma doka ta kare shi, ɗauke shi aka yi: wata hasumiyar bulo da ake shayar da jiragen kwal ruwa an yanka ta gunduwa-gunduwa aka kai ta gaba, manyan firam ɗin tankunan gas aka kwance su aka sake kafawa a tsallaken ruwa. Matattun tsohuwar maƙabartar nan kuwa an sake tashinsu karo na biyu. Sarauniya Elizabeth ta buɗe tashar ranar 6 ga Nuwamba 2007, jirgin farko ya tashi ranar 14, tafiyar Paris ta dawo awa 2 da minti 15. Otal ɗin sai 2011 ya dawo, bayan an mayar da benayen sama gidajen sayarwa, an kuma gina masa sabon reshe mai ɗakuna irin na zamani.

Akwai waɗanda aka bari da cizon yatsa. Da bulon Nottingham da ƙarfen Derbyshire aka gina tashar, domin Midland ya nuna wa Landan arzikin yankinsa. Yau jiragen Derby da Nottingham da Leicester da Sheffield ba sa shiga ƙarƙashin bakan Barlow ko kaɗan. Can ƙurya cikin sabon ƙarin suke tsayawa, a dandamali 4, fasinja ya sauka ya ja akwati ya ratsa jerin shaguna kafin ya ga titi. Baƙo ya samu turaka, ɗan gida ya koma zaure.

Batun kuɗi ma ba a faɗinsa da ƙarfi. Gyaran tashar ya ci kimanin fam miliyan 800, layin gaba ɗaya, mai tsawon kilomita 108 ko sama da haka kaɗan, wajen fam biliyan 6. An tsara 'yan kasuwa ne za su zuba kuɗin su mayar daga tikiti. Kamfanin da ya ci kwangilar, London and Continental Railways, ya yi hasashen fasinja miliyan 21 a shekara. Zuwa 1998 ya kasa samo bashi, sai da gwamnati ta tsaya masa, a 2009 kuma ta karɓe shi. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya bayyana a 2012 cewa fasinjojin da aka samu kashi ɗaya cikin uku ne na hasashen farko. A 2010 aka ba wasu asusun fansho biyu na Kanada hayar layin da tashar na shekara 30 a kan fam biliyan 2.1. Masu kare aikin kan nuna kadada 27 na tsohon filin jirgi da ke bayan tashar, wanda a da ba mai bi da dare, yanzu ya cika da ofisoshi da gidaje da makarantar koyon zane. Hujja ce mai ƙarfi. Amma ba tikiti ne ya biya wannan gyara ba, mai biyan haraji ne ya ɗauki kasadar.

Yanzu siton da ya ceci tashar shi ne ya zame mata ƙarfen ƙafa. An auna falon ne a zamanin da Bature ɗan Ingila ke ɗaga fasfo ya wuce. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, sai a 2021 aka koma buɗe kowane fasfon ɗan Birtaniya ana buga masa hatimi, daƙiƙun da aka ƙara wa kowane mutum suka taru suka zama layi har waje. A 2022 kamfanin Eurostar ya ce mutanen da ake iya tantancewa a sa'a guda sun ragu daga kimanin 2,200 zuwa 1,500. A farkon 2023 jiragen sassafe masu kujeru kusan 900 sun riƙa tashi da ɗaruruwan kujeru ba kowa, da gangan aka ƙi sayar da tikitinsu, don ba za a iya shigar da mutanen a kan lokaci ba. Layin dogon kansa yana da sararin ƙarin jirage masu yawa, wasu kamfanoni ma suna neman shigowa su yi gogayya. Sama akwai wuri, ƙasa ce ta cika. Gabas titi ne, yamma titi ne, kudu otal ne, bangon kuma doka ta hana a taɓa. Masu tashar suna maganar cin wani ɓangare na wurin masu isowa da na shaguna domin a faɗaɗa falon. Duk teburin jami'in da za a ƙara, duk na'urar da za a kafa, sai an nemo mata gurbi tsakanin ginshiƙai biyu, cikin mita 4 da rabin nan.